Yadda ake zama lafiya da gadar tsoka a kan jijiyar zuciya

Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya da jini a samanta suke shimfiɗe, amma akwai waɗanda aka haifa da guntun jijiya da ya nutse cikin naman zuciyar kafin ya sake fitowa, sai naman ya haye kansa kamar gada. Galibi jijiyar hagu mai gangarowa ta gaban zuciya abin ke shafa. Tun a 1737 aka gano wannan halitta wajen binciken gawa, kuma a 1960 aka fara ganinta a hoton jijiyoyi. Yawancin masu ita suna tsufa ba su san da ita ba, don haka wanda aka ce yana da ita kada hankalinsa ya tashi.

Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne, duk lokacin da zuciya ta matse, naman yana danne jijiyar. Sauƙin da Allah ya yi shi ne mafi yawan jinin da zuciya ke sha yana shiga ne a lokacin da ta saki. Idan bugun ya yi sauri, lokacin sakin yana gajarta, jinin ya kasa isa, daga nan ne ciwon ƙirji, haki ko faɗuwar gaba ke tasowa. Saboda haka jigon kula da wannan matsala shi ne hana zuciya gudun da ya wuce kima.

Idan ƙirjinka na ɗaurewa wajen aiki mai nauyi ko ɓacin rai, ka nemi likitan zuciya a Yamai, ko da daga Tawa za ka taso. Zai fara da awon wutar zuciya, wato na'urar da ke zana yadda bugun zuciya ke tafiya, wanda sau da yawa ba ya nuna komai idan kana zaune, sannan awon da ake yi kana motsa jiki. Hoton sikana na jijiyoyin zuciya shi ne ke fito da tsawon gadar da zurfinta.

Maganin farko shi ne mai rage saurin bugu, irin su bisoprolol, ko kuma diltiazem ga wanda na farkon bai karɓe shi ba. A nan nake roƙon a yi hattara: nitrogiliserin, ƙwayar da ake sa wa ƙarƙashin harshe don ciwon ƙirji, na iya ƙara tsananta dannewar ga mai gada. Kada ka karɓe ta daga hannun ɗan'uwa ko mai tallan magani, kuma kada ka yanke maganinka dare ɗaya ba da sanin likita ba.

Ka rage shayi mai ɗaci da kafe da goro, ka bar taba da tiramol gaba ɗaya. A zafin Afrilu da Mayu ka yawaita shan ruwa, domin ƙishirwa na hanzarta bugu, kuma ka shawarci likita kan lokutan shan magani kafin azumi. Hawan jini da ciwon suga su ma a riƙa auna su, tunda suna ƙara taruwar kitse a jijiyoyi, kuma kitsen ya fi taruwa a sashen jijiyar da ke gab da shiga gadar.

Tiyatar yanke naman da ya haye jijiyar sai ga wanda magani ya gaza masa. Ciwon ƙirjin da ya zo kana hutawa, ya ƙi lafawa, da zufa ko suma, a kai ka asibiti nan take, ko tsakar dare ne.