Kurakuran da aka fi yi wajen sa --delete a rsync

Idan ba a sa --delete ba, rsync, umarnin da ke kwafar fayiloli daga tushe (inda ake kwafowa) zuwa wurin ajiya, ba ya goge komai a wurin ajiyar, sabon fayil da wanda ya canza kawai yake kwafa. Da zarar an sa, ajiyar ta zama madubin tushe ke nan, kuma a nan aka fi yin asara. Fayil ɗin da ka goge bisa kuskure da safe, aikin kwafa na dare yana gudana ya tafi a ajiyar ma. Maganin shi ne a haɗa da --backup da --backup-dir=/mnt/faifai/tsofaffi/$(date +%F), yadda duk abin da za a goge ko a maye gurbinsa zai koma jakar ranar. A rubuta cikakken adireshi, jakar kuma ta zauna a wajen inda ake zuba kwafin, don idan tana ciki --delete na iya cinye ta ita ma.

Sai alamar / a ƙarshen tushe. Umarnin rsync -a --delete /home/aiki /mnt/faifai/ yana buɗe jakar aiki a cikin faifan, a cikinta kaɗai yake gogewa. Amma idan aka rubuta /home/aiki/, duk abin da ke kan faifan wanda babu shi a aiki zai tafi, har hotuna da takardun da ba su da alaƙa da aikin. Don haka kada a gudanar da sabon umarni sai an gwada shi da -n (gwaji ba tare da taɓa komai ba) da -v (nuna abin da yake yi), an karanta kowane layi da ya fara da deleting.

Wanda ya fi muni shi ne tushe ya zama fanko. Idan faifan da ake kwafowa daga gare shi bai hau ba, wato na'ura ba ta haɗa shi da jakarsa ba, jakar tana nan amma babu komai a ciki, rsync kuma zai share ajiyar kaf ba tare da ya ga laifi ba. A fara duba ko faifan ya hau da mountpoint -q, a kuma taƙaita yawan abin da za a iya gogewa da --max-delete=50 ko adadin da ya dace da aikin.

Masu rubuta /home/aiki/* kan yi mamakin ganin tsofaffin fayiloli suna nan. Tauraron yana miƙa wa rsync sunaye ɗaya-ɗaya ne, ba jakar ba, shi ya sa ba ya goge su. Sai a cire shi, amma a kula da batun alamar / da aka faɗa a sama.

Lokacin gogewa ma zaɓi ne. Tun daga sigar 3.0.0, --delete yana gogewa ne ana cikin kwafa. Idan wuta ko intanet na yawan yankewa, --delete-delay ya fi, don yana jira a gama kwafa. --delete-before kuwa sai faifai ya kusa cika ana neman wuri.

Abin da aka ware da --exclude yana da kariya a ajiya, amma --delete-excluded yana cire kariyar nan. Kada a sa shi sai da niyyar share waɗannan fayilolin.