Maganin hazon gilashin ninkaya a Galapagos

Jama'a, mai shirin zuwa tsibiran Galapagos na Ekwado: kada ka kashe kuɗi kan maganin hazon gilashi.

Ɗiga shamfun jarirai a cikin gilashin tun kana kwalekwale. Murza, ka ɗauraye sama-sama. Babu shamfu? Yawunka ma ya isa.

Daga Yuni zuwa Nuwamba ruwan akwai sanyi, musamman gefen Isabela da Fernandina, fuskarka kuma da ɗumi, sai raɓa ta taru. Santsin shamfun ke hana ta dunƙulewa.

Ni da gilashina ya yi hazo, haka kunkurun teku ya gifta dab da hancina, dishi-dishi kawai na gani. Takaici!

Sabon gilashi fa ba ya ji, sai ka fara goge cikinsa da man goge baki. In ka cika ɗauraye shamfun kuma, aikin banza.