Yadda Za Ka Daina Kai-Komo Ka Fara Aikin Da Zai Kai Ka Ga Burinka

Mutum zai wuni yana ta fama, ya amsa saƙo, ya shiga mitin, ya buɗe wannan ya rufe wancan, dare ya yi ya gaji tilis, amma in ka ce masa me ka gama yau sai ya yi shiru. Abin aunawa ɗaya ne, aikin yau ya matsar da kai kusa da abin da kake nema, ko kana nan inda kake jiya?

To da farko ɗauki biro ka rubuta burin, kuma ka rubuta shi yadda za ka gane ranar da ya kammala. "Ina so in iya kwamfuta" ba shi da ƙarshe, shekara goma ma kana iya faɗin haka. Amma "zan gama kwas ɗin Excel cikin wata uku", wannan kam ana iya binsa. Burin da za ka rubuta kada su wuce biyu ko uku.

Sai ka raba abin gaggawa da abu muhimmi, nan ne yawancinmu muke zamewa wallahi. Akwai tsarin da ake kira da sunan Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961, gida huɗu ne: mai muhimmanci kuma na gaggawa ka yi shi yanzu, mai muhimmanci da ba gaggawa ka sa masa rana da lokaci, na gaggawa mara muhimmanci ka miƙa wa wani in da hali, sauran ka watsar. Gida na biyun nan shi na fi so ka kula da shi, domin karatu da koyon sana'a da lafiyar jikinka duk a can suke, kuma ba sa kiranka a waya, ba mai tuna maka, shi ya sa kullum ake ce musu gobe.

Daga nan ka farfasa burin har ya zama abin da za ka zauna ka yi yau. "Rubuta rahoto" ya yi girma, ka ce shafin farko kawai.

Sannan ka yanka masa lokaci. Tun 1955 wani marubucin Birtaniya mai suna Parkinson ya lura cewa aiki yakan cinye duk lokacin da aka ba shi, ka ba shi wuni ya cinye wuni. Gwada tsarin Pomodoro da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro, minti 25 kana aiki ɗaya tak, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu ka yi dogon hutu. Wayar kuma a kai ta wani ɗaki, kifa ta a tebur ba ya isa. Kuma ka fara yin wannan aikin kafin ka duba saƙonni.

Ƙarshen mako ka duba takardar nan, me ya motsa, me bai motsa ba. Wanda ya yi sati uku a wuri ɗaya, ko dai ka ƙara farfasa shi, ko ka soke shi ka huta.