Idan gari ya iso bakin gonarka

A Kumbotso, Ungogo da Gezawa da ke kewayen birnin Kano, gonar da aka girbe dawa bana, baɗi sai ka tarar da bulo jibge a gefenta. Ya kamata mai gona ya shirya tun kafin dillalai su fara zarya.

Fara da sanin matsayin gonar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ne kuma ke ayyana inda ya zama birni. In yankinku bai shiga ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, har hekta 500 don noma. In ya shiga, sai ma'aikatar filaye ta jiha. Shaidar dagaci ko mai unguwa tana da amfani, amma ba ta maye gurbin waɗannan.

Ɗauko safiyo mai rajista ya auna, ya kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta. Gonar gado kuwa a raba ta a kotu, kowa ya riƙe takardarsa, domin magaji ɗaya da ya sayar a ɓoye ya isa ya jefa dangi cikin shari'ar shekaru.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen diyya. Sashe na 28 na dokar ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya kan abin da ke bisa ƙasar, ba ƙasar kanta ba: amfanin gona, gini, rijiya. Saboda haka ƙirga mangwaro, ɗorawa da kukarka, ɗauki hotonsu da kwanan wata, adana rasit ɗin rijiyar burtsatse da injin ban ruwa. Ranar ƙiyasi ka tsaya da ƙafarka. In kuɗin bai gamsar da kai ba, sashe na 30 ya ce a kai ƙorafi kwamitin rabon filaye.

In sayarwar ta zama dole, yanki ɓangaren bakin titi, ka bar fadama. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa kusan 465, don haka bayan an cire tituna da magudanan ruwa abin da zai rage bai wuce fuloti 15 ba. Dillalin da ya yi maka alkawarin 20 awon igiya yake nufi, wanda KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ba ta amince da shi ba, kuma rusau na iya biyo baya.