Kurakuran da ke jawo wa ma'aikatan ɗakin gwaji cututtukan jini

Ka tambayi ma'aikacin ɗakin gwaji abin da ya fi tsoro a cikin kwalbar jini, zai ce maka ƙanjamau. Nan kuskuren farko yake. Idan allurar da ta taɓa jinin mai HIV ta soki mutum, kusan 3 cikin 1,000 ne ke kamuwa. Ciwon hanta nau'in C, kusan 2 cikin 100. Nau'in B kuwa yana iya kai 30 cikin 100 idan ƙwayar cutar ta yi yawa a jinin mai ita, kuma tana rayuwa a busasshen jini a kan tebur har kwana 7 ko fiye. Abin haushin, ita ce mai rigakafi: allura 3, ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Da yawa kan yi ta farko su watsar da sauran. Ɗaliban da ake turowa koyon aiki kuwa, galibi ba mai tambayarsu ko sun yi, alhali su aka fi miƙa wa sirinji.

Sai mayar wa allura murfinta. Murfi a hagu, sirinji a dama, ga layin marasa lafiya, wani na ta "Malam, a taimaka, tun asuba nake nan." Hannu ya ɗan goce, shi ke nan. Kwalin zubar da allura ya zauna inda hannu zai kai ba tare da an tashi ba, a jefa ta ciki yadda take. In dole sai an rufe, a ajiye murfin a tebur, a zura allurar da hannu ɗaya. Kwalin kuma a rufe shi da zarar ya kai kashi 3 cikin 4. Danna shi don ya ƙara ɗauka ganganci ne, kuma sau da yawa mai shara ke kwana a ciki.

In ta riga ta soke ka, kada ka matse wurin, kada ka tsotsa, kada ka kwara masa Hypo. Ruwa mai gudana da sabulu sun isa. In jini ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa.

Mafi muni a ganina shi ne yin shiru. Mutum ya goge yatsa da auduga, ya ce "ai ɗan kaɗan ne, Allah zai kiyaye," don kunya ko gudun faɗan oga. Maganin kariya daga HIV ana so a fara shi cikin 'yan sa'o'i, kada a wuce awa 72, a sha kwana 28 cur. Wanda ya ɓoye ranar Juma'a ya bari sai Litinin, ya cinye lokacinsa. Kuma ƙaramin rauni ba abin rainawa ba ne: a 1970 Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, zazzaɓin Lassa ya kama ta, ta rasu. Duk ɗakin gwaji ya kamata a san wa za a kira, ina maganin yake, ko da tsakar dare ne.

Safar hannu ma ana zaluntarta. Da ita a ɗebi jini, da ita a amsa waya, a riƙe biro, a murɗa ƙofa. A cire bayan kowane majinyaci, a wanke hannu. Zoɓo da fiya wata ba su da gurbi a firjin ajiye jini, komai zafin Afrilu.

Jini in ya zube, a shimfiɗa masa auduga ko takarda, a zuba bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, wato awo 1 na mai kashi 5 a awo 9 na ruwa, a bar shi aƙalla minti 10 kafin a kwashe. Haɗin jiya ya sane, kullum a yi sabo. Kwalba kuma in ta fashe a cikin injin juya jini, a kashe shi, a bar murfin a rufe minti 30, sannan a tsince gilashin da hantsaki.