Yadda Ake Zaɓar Ginin Dodo a Wasan Faɗan Dodanni na Waya

Yawancin asarar da 'yan wasa ke yi a wasannin faɗan dodanni ba a filin daga take faruwa ba, a shafin gini take faruwa. Mutum zai kwashe mako uku yana tara kaya, ya zuba su kan dodo guda, sannan ya tarar dodon yana mutuwa kafin ya ɗaga hannu. Gini shi ne yadda ka raba ƙarfin dodo tsakanin rai, bugu, kariya, sauri, mummunan bugu (dukan da ke aukuwa wani lokaci da ƙarin ɓarna), saiti (iya ɗora wa abokin gaba rauni) da juriya (kauce wa irin wannan rauni). Misalan lissafin da ke ƙasa daga Summoners War suke, wasan da kamfanin Com2uS na Koriya ta Kudu ya fitar a 2014, domin tsarinsa na rune, wato duwatsun da ake ɗaura wa dodo, ya fito da komai a fili. Sunaye kan bambanta a sauran wasanni, amma hanyar tunanin ɗaya ce.

Matakin farko: karanta dabarun dodon kafin ka taɓa komai

Buɗe shafin dabarunsa, ka karanta kowacce har ƙarshe. Amsar tambaya ɗaya kake nema: da wace lamba ake lissafa aikinsa? Ba kowane mai bugu ne ɓarnarsa ke fitowa daga lambar bugu ba. Akwai wanda dukansa ke ƙaruwa da yawan ransa, akwai mai ƙaruwa da kariya, akwai mai ƙaruwa da sauri. Haka ma masu warkarwa. Wani yana warkar da kaso na ran abokinsa, don haka lambar bugunsa ba ta da amfani, wani kuma gwargwadon bugunsa yake warkarwa. Idan ka loda wa dodon kariya rune na bugu don kawai zanensa yana riƙe da takobi, ka yi shuka a idon makwarwa.

Daga nan ka ba shi aiki guda a cikin tawaga: mai kisa, mai shan duka, mai warkarwa da ƙarfafa 'yan'uwa, ko mai raunana abokan gaba. Guda ɗaya tak. Dodon da aka gina don ya yi komai, ba ya iya komai.

Mataki na biyu: tsayar da inda zai yi faɗa

Ginin da ke cin babban dodon kurkuku, wato fagen da ake faɗa da dodannin wasan don samun kaya, sau ɗari a jere ba shi ne ke cin ɗan wasa ɗan'uwanka ba. A kurkuku tabbas ake so, wato tawaga ta gama ba tare da kowa ya faɗi ba ko da wayar na wasa da kanta. A karawa da mutane kuwa, wanda ya riga motsawa sau da yawa shi ke da nasara. Sabon ɗan wasa ya fara da ginin kurkuku, domin daga can rune masu kyau ke fitowa.

Mataki na uku: manyan lambobi a gurabe 2, 4 da 6

Kowane dodo yana da gurabe shida na ɗaura rune, kuma kowane rune yana da babbar lamba guda da ƙananan lambobi. Gurbi na 1 kullum bugu ne, na 3 kariya, na 5 rai, ba ka da zaɓi a cikinsu. Zaɓinka yana gurabe 2, 4 da 6, kuma nan ne ginin yake. Sauri a matsayin babbar lamba a gurbi na 2 kaɗai ake samunsa. Yawan mummunan bugu (damar aukuwarsa) da ƙarfin mummunan bugu a na 4, saiti da juriya a na 6.

Mai kisa: bugu ko sauri a 2, ƙarfin mummunan bugu a 4, bugu a 6. Mai taimako: sauri a 2, rai a 4, rai ko saiti a 6. Mai shan duka: rai a mafi yawan guraben, tare da kariya guda idan kariyarsa ta asali tana da yawa.

Ƙa'ida mai tsauri a nan ita ce ka ɗauki lambar kaso cikin ɗari, ka bar tsayayyar lamba. Rune mai tauraro 6, wato mafi daraja, da aka haɓaka har matakin ƙarshe na +15 yana ba da kashi 63 cikin 100 na rai, ko kuma rai 2,448 idan tsayayye ne. Dodon da ransa na asali 10,000 ne zai sami 6,300 daga na farko. A bugu ma haka: kashi 63 na 800 ya kai 504, tsayayyen kuwa 160 ne kacal. Sauri ne kaɗai ya fita daga wannan ƙa'ida, domin dama a tsaye yake zuwa, iyakarsa 42.

Mataki na huɗu: lissafin mummunan bugu

A nan mutane suka fi ruɗuwa, domin lamba mai yawa tana da daɗin kallo. Yawancin dodanni suna farawa da kashi 15 na yawan mummunan bugu da kashi 50 na ƙarfinsa. Ƙarfin ba ya aiki sai mummunan bugun ya auku. Don sanin matsakaicin ɓarna, ninka yawan da ƙarfin, ka ƙara 1.

Ɗauki gini biyu masu bugu iri ɗaya. Na farko yana da yawa 40, ƙarfi 200: 0.4 sau 2 ya ba da 0.8, jimla 1.8. Na biyu yana da yawa 85, ƙarfi 130: 0.85 sau 1.3 ya ba da kusan 1.1, jimla 2.1. Na biyun ya fi, kuma ya fi tabbas, domin na farko a cikin duka goma, shida za su fita lami. Saboda haka kada ka sa ƙarfin mummunan bugu a gurbi na 4 sai ƙananan lambobinka sun kai yawan aƙalla 70, an fi so 85. Idan ba su kai ba, sa yawan mummunan bugu a gurbin, wanda ke ba da 58 a +15, har ka sami kaya mafi kyau. Dalilin da ya sa ake yawan ambaton 85 shi ne dodon da ke da rinjayen sinadari yana samun ƙarin 15. Ruwa yana cin wuta, wuta tana cin iska, iska tana cin ruwa. Idan a kan wanda yake rinjaya za ka riƙa tura shi, duk abin da ya haura 85 ɓarnar kaya ce.

Mataki na biyar: jera sauri

Sauri ba na dodo guda ba ne, na tawaga ne. Tsarin da ake so shi ne mai ƙarfafawa ya fara, mai karya kariya ya biyo, mai kisa ya rufe. Ƙarin bugun da mai ƙarfafawa ke bayarwa yana ɗaga bugu da kashi 50, karya kariya kuma tana zubar da kashi 70 na kariyar abokin gaba. Idan mai kisanka ya riga su motsawa, ya kashe babbar dabararsa a kan cikakkiyar kariya, kuma sai ya jira ta sake cika. Rubuta saurin dukkansu a takarda, ka tabbata sun jeru, da tazara kaɗan tsakaninsu don kada abokin gaba ya kutsa a tsakiya. Wani lokaci gyaran da ake bukata shi ne a rage wa mai kisa sauri, abin da 'yan wasa da yawa ke jin nauyin yi.

Mai raunana abokan gaba kuma yana bukatar saiti, in ba haka ba dabararsa za ta riƙa zamewa. Sai dai a wannan wasan akwai kashi 15 na juriya da ba ya gushewa komai saitinka, don haka wuce 85 ba ya ƙara komai. Dodon da ba ya ɗora wa kowa rauni ba ya bukatar saiti ko ɗaya.

Mataki na shida: rukunin rune

Sai yanzu ake maganar rukuni, wato ƙarin da ake samu idan an ɗaura rune iri ɗaya biyu ko huɗu, ko da yake da shi yawancin mutane ke farawa. Swift guda huɗu yana ƙara kashi 25 na sauri, amma na saurin asali: dodo mai 100 ya sami 25, mai 120 ya sami 30. Fatal huɗu na ƙara bugu kashi 35, Rage huɗu ƙarfin mummunan bugu 40, Violent huɗu kuma damar sake motsawa kashi 22. Cikin masu guda biyu, Blade na ba da yawan mummunan bugu 12, Energy rai 15, Focus saiti 20. Yawanci ana haɗa mai huɗu da mai biyu. Amma rukuni cikakke mai lambobin banza bai kai gauraye mai lambobi masu kyau ba. Idan biyun ƙarshe ba su dace da juna ba amma sun kawo sauri da yawan mummunan bugun da kake nema, bar su haka.

Mataki na bakwai: kashe kaya da lissafi

Ƙananan lambobin rune suna ƙaruwa ne a +3, +6, +9 da +12. Daga nan zuwa +15 babbar lamba kaɗai ke hawa, kuma nan ne kuɗin wasa ke tafiya. Kai rune +6 ka duba inda ƙarin ya faɗa. Idan sau biyu ya faɗa kan lambar da dodon ba ya so, sayar da shi, kada ka bi shi da fatan zai gyaru. Gurabe 2, 4 da 6 su ake fara kaiwa +15, na 1, 3 da 5 kuwa +12 ta ishe su na dogon lokaci. Kuma ka kammala tawaga guda kafin ka waiwayi ta biyu.

Bayan ka ɗaura komai, shiga faɗa iri ɗaya sau goma ba tare da ka sauya komai ba, ka lura da wanda ke fara faɗuwa da lokacin da yake faɗuwa. Idan duka ɗaya ke kayar da shi, rai yake so. Idan raunin da ya kamata ya ɗora ba ya kamawa, saiti ne. Idan faɗan yana jan lokaci har babban dodon ya fi ƙarfinku, duba yawan mummunan bugun mai kisa da jerin sauri. Sauya abu guda, ka sake yin goma.