Yadda Za a Raya Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya a Unguwa da Makaranta

Ranar 15 ga Janairu Najeriya ta keɓe domin tunawa da sojojinta da suka kwanta dama a fagen daga, saboda a wannan rana ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, lokacin da Philip Effiong, jagoran ɓangaren Biyafara, ya miƙa wuya ga Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas. A Abuja shugaban ƙasa yakan ajiye furanni a gaban mutum-mutumin soja, a harba bindigogi, a saki fararen tattabaru, gwamnoni kuma su yi irin haka a jihohinsu. Wannan aikin hukuma ne, kuma da yamma an watse. Abin da ya rage wa jama'ar gari shi ne tsohon sojan da ke bayan gidansu da matar da aka bari da marayu.

Shiri yana farawa ne makonni kafin ranar, lokacin da ake ƙaddamar da tambarin tunawa da 'yan mazan jiya. A saya a maƙala a ƙirji, amma a tabbatar daga hannun 'yan Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji aka saya, domin an yi shi ne don tallafa wa nakasassun yaƙi da iyalan mamata. Daga nan sai a je wurin mai unguwa da liman, su ne suka san gidan da tsohon soja yake da gidan da aka yi rashi.

Ziyarar ita ce ƙashin bayan al'amarin, don haka a yi ta da natsuwa. A tafi bayan la'asar, mutum biyu ko uku, da goro da sabulu da kwanon shinkafa gwargwadon hali, a gaisa a ce, “Baba, mun zo gaishe ka ne saboda ranarku.” Kada a tambaye shi mutum nawa ya kashe, kada kuma a matsa masa idan ya yi shiru a tsakiyar labari, domin akwai abin da wanda ya ga yaƙi ba ya son tonowa. Sau da yawa shi da kansa zai shiga ɗaki ya fito da lambobin yabonsa da takardar sallama a nannaɗe cikin leda. Idan ya yarda, a naɗi muryarsa a waya, a rubuta lambarsa ta soja da bataliyarsa da wuraren da ya je, sannan a bar wa 'ya'yansa kwafi. A ganina wannan ya fi gaggawa, domin waɗanda suka yi yaƙin basasa duk sun haura shekara 70.

A gidan mamaci kuwa, bayan addu'a, a tambayi uwar marayun a asirce ko haƙƙin mijinta ya fito. Wanda ya yi karatu zai iya taimaka mata ta haɗa takardun da Hukumar Fanshon Soja ke nema, wani kuma ya ɗauki kuɗin makarantar yaro ɗaya na zango guda.

Malaman makaranta su ware darasi ɗaya. A gaya wa yara cewa kakanninsu sun yi yaƙin Boma a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Biyu, cewa Hausa ce harshen da sojojin suka fi fahimtar juna da shi, kuma daga can aka samo sunayen barikin Chindit a Zariya da na Myohaung a Legas. A ambaci ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya daga 1990, da Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da ya rasu a Malam Fatori a Nuwamban 2016 yana yaƙi da Boko Haram. Ranar 15 ga Janairu ce kuma aka kashe Sardauna da Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad a juyin mulkin 1966. A faɗi haka yadda ya faru, ba tare da ɗora laifin a kan wata ƙabila ba.

A roƙi liman ya sa 'yan mazan jiya cikin addu'ar Juma'ar da ke gabanin ranar, kamar yadda majami'u ke yi ranar Lahadi. Wanda zai yi rubutu a Facebook ya sa sunan mamacin da hotonsa na lokacin da yake raye bayan ya nemi izinin iyalansa, ya guji yaɗa hoton gawa.